Babi Huɗun da Yayana Ya Goge

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda sai an tuna min nake cewa af, haka fa aka yi. Amma ranar Asabar ɗin da na kunna kwamfutata a gidanmu na Aujara ta ƙi buɗe min littafin mahaifina, wannan kam da ita za a kai ni kabari. Shekaru sun shuɗe, an yi mana sulhu da yayana, muna gaisawa, ina zuwa sunan 'ya'yansa da atamfa da sabulu kamar kowa. Sai dai in na ce muku haushin ya bar raina na yi ƙarya, kuma ba a gidan da ake ƙarya aka raine ni ba.

Mahaifinmu malami ne ɗan malami. Akwai makarantar allo a ƙofar gida, akwai zauren da manya ke ɗaukar karatu da hantsi da bayan la'asar. Amma abin da ya sa aka san shi har ƙauyukan da ke kewaye shi ne amsa tambayoyin manoma. Ba irin tambayoyin da ake ƙirƙira don a gwada malami ba, irin waɗanda ke hana maƙwabta gaisawa. Akuyar wane ta tsinke ta cinye waken wane. Ruwa ya share iyakar gona, kowa na nuna wata bishiya daban. Mutum ya ari sa don huɗa, san ya karye a hannunsa. Mai yankan gero azumi ya galabaitar da shi da rana tsaka, ya sha ko ya daure. Baba zai saurara har mai magana ya gaji, sannan ya ba da amsa, ya faɗi inda ya samo ta da malamin da ya ji ta a bakinsa. Fiye da shekara arba'in yana wannan, kuma ko layi ɗaya bai taɓa rubutawa ba.

Ni ce 'yar bokon gidan. Na karanta ilmin kwamfuta a Dutse, na yi aure a can, ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta. Baba ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Malama, da 'yar dariya a ciki, wai tunda ni ma ina da allo mai wuta. Wata rana na je gaishe shi, ya jira har zauren ya watse, sannan ya ce min a hankali, "Malama, abin da ke kaina ya fara yoyo. Jiya wani ya tambaye ni abin da na amsa sau ɗari, sai da na yi ta lalube. Ina so ki rubuta tun da sauran abu a ciki." Sharaɗinsa ɗaya ne. Da ajami za a yi, kuma da irin rubutun da ake yi a allo, don shi ɗalibansa da dattawan gari suke karantawa. Ya ce in na kawo masa boko, to wa kaina na rubuta.

Nan aikin ya so ya tsaya tun bai fara ba. Manhajar da na samu mai fitar da ajami yadda Baba ke so, da wasullanmu da ɗigon da ke bambanta baƙaƙen Hausa, tsohuwa ce ƙwarai. Wani dattijo mai buga takardu a Dutse ne ya ba ni ita a kan faifai duk ya kakkarce, ya ce shi ma rabonsa da ita tun da tsohuwar kwamfutarsa ta mutu. Na sa faifan a laftof ɗina, manhajar ta ƙi zama ƙememe. Sai a kan tsohon tsarin kwamfuta take aiki, irin wanda aka daina yayi tun ina sakandare.

Abin da ya cece ni wata manhaja ce ta kyauta da muka taɓa koyo a makaranta, wadda ke ba mutum damar gina kwamfuta a cikin kwamfuta. Ga wanda bai sani ba, kamar ka ware ɗaki guda a gidanka ne ka ba baƙo, ya yi shimfiɗarsa yadda ya saba a garinsu. Kwamfutar ciki ba ta da jiki, fayiloli ne kawai zaune a folda, amma in ka kunna ta sai ta buɗe a taga da tsohon tsarinta da komai, ita a zatonta ita kaɗai ce a gidan. Na gina guda, na zuba mata tsohon tsarin, na sa faifan nan ina ta addu'a. Sau uku yana tsayawa a rabi, a na huɗu ya wuce. Daga ranar faifan bai sake karantuwa ba. Na buga layin farko da ajami na ga ya fito tamkar na allon Baba, na yi ta tsalle a ɗaki, maigidana ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

To, ga inda nawa laifin yake, zan faɗe shi tun yanzu don kada a ce na ɓoye. Da na tuna wahalar da na sha, na ce wannan kwamfutar ciki ba zan yi aiki a cikinta ba, kada wani abu ya lalata ta. Ita ce uwa, zan fitar da kwafinta in yi aiki a kwafin. Manhajar tana yin kwafi iri biyu. Akwai cikakke, wanda ke ɗauke komai na uwar ya tsaya da ƙafarsa, ko an ɗauke uwar bai damu ba, amma yana cin wuri daidai da ita. Akwai kuma mai jingina, wanda ke fitowa nan take kuma ba ya cin wuri, domin abin da aka ƙara ko aka canja kawai yake riƙewa, sauran duk a jikin uwar yake karantawa. Laftof ɗina ba ta da wurin kirki, darussan 'yan makaranta sun cika ta. Na zaɓi mai jinginar. Na san ma'anarsa sarai, har jarrabawa na ci a kai. Sai dai na dogara da sunan da na raɗa wa uwar tun farko, wanda ya hau kan foldarta da manyan baƙaƙe: UWA, KADA A TAƁA. A ganina duk mai ido ya gama jin magana.

Shekara biyu da 'yan watanni, kusan kowace Asabar, ina shiga mota daga Dutse zuwa Jahun, daga nan in nemi ta Aujara, jakar laftof rungume a ƙirji. Baba na kishingiɗe a kan buzu, ni ina gefe a tabarma, yana faɗa ina bugawa. In muka gama babi, sai a yi abin da malamai ke kira muƙabala. A al'adarsu, in an kwafi littafi ba a yarda da kwafin sai wani ya riƙe uwar littafin, wani ya karanta sabon da ƙarfi daga farko har ƙarshe. Mu uwar littafinmu a kan Baba take, don haka sai in fitar da babin in buga shi a takarda a Dutse, in kawo in karanta masa, ya tsayar da ni a kan wasali ɗaya ya yi ta gyara. In an gama ya sa hannu a ƙasa, ya sa takardun a adakarsa ya kulle. Babi ɗaya yakan ci mana Asabar uku a muƙabala kawai.

Da muka gama na bakwai na lura yoyon ya ƙaru. Yakan fara mas'ala ya tsaya, ya tambaye ni me ma muke cewa. Na roƙe shi mu jingine muƙabalar tukuna, mu kwashe abin da ya rage, in ya so daga baya mu bi su gaba ɗaya, tunda kwamfuta ba gara ba ce balle ta ci baƙi. Bai so ba, ya daɗe yana jan carbi, amma ya yarda. Haka muka yi babi huɗu na ƙarshe a guje: iyakar gona, ɓarnar dabbobi, aro, da ajiya. Su ne ƙashin bayan littafin, su ne abin da mutane ke tasowa tun daga nesa su tambaya. Ko shafi guda ba a fitar an buga a takarda ba. Ni kuwa hankalina kwance, don duk ƙarshen wata ina kwafe foldar da nake aiki a ciki in sa a filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. Har daɗi nake ji yadda take shiga 'yar ƙaramar filas ɗin ba gardama. Da na tsaya na yi tunani na minti ɗaya, ƙanƙantar tata kaɗai ta isa ta tayar min da hankali.

Yanzu bari in kawo muku Yaya. Shi ne babba a gidanmu, shi ke riƙe da makarantar tun da ƙarfin Baba ya ragu, kuma ban hana shi ba, yana da ƙoƙari. Amma mutum ne da bai taɓa yarda akwai abin da ƙanwarsa ta sani shi bai sani ba. In ina bayanin kwamfuta sai ya karɓe zancen daga bakina ya ƙarasa shi a karkace, jama'a na gyaɗa masa kai. Da kakar shekarar da muka gama babi huɗun nan aka yi walimar saukar ɗalibai, ya sa aka ɗauki bidiyo da wayoyi har uku, ya ce in ba shi aron laftof kwana uku wani abokinsa zai haɗa masa. Na ce a'a, littafin Baba na ciki. Ya je ya gaya wa Inna, mahaifiyarmu, ita kuma ta ja ni ɗaki ta ce ashe boko har ya kai ni ga hana yayana aron abu, in na yi haka me matarsa za ta ɗauke mu. Da hannuna na miƙa masa. Na ce ya yi duk abin da zai yi, amma don girman Allah kada ya goge komai. Ya ce shi ba yaro ba ne.

Kwana uku suka zama sati biyu. Ranar Asabar ɗin da na je karɓa, dammunan gero na jibge a ƙofar gida ana ta kai su rumbu, Yaya na tsaye yana ba da umarni. Matarsa ce ta miƙo min jakar. Na shiga ɗakin Inna na zauna a bakin gado, niyyata in fitar da babi na takwas don mu koma muƙabala, tunda faɗar ta ƙare. Na danna kwamfutar cikin da nake aiki da ita. Maimakon tagar da na saba, sai wani jan rubutu ya fito da Turanci, wai ba a ga abin da take jingine da shi ba. Na rufe na sake buɗewa, na kashe laftof ɗin gaba ɗaya na kunna, jan rubutun na nan. Na je inda foldar uwar take, babu ita. Na leƙa kwandon shara na kwamfutar, an share shi tas. Inda take a da, bidiyon walima ne jere reras. Na zaro filas ɗin daga jaka na sa, ina cewa a raina ai ina da kwafi, ai ina da kwafi. Kwafin ya buɗe baki ya tambaye ni uwarsa shi ma. Shekara biyu ina kwafe 'ya ina barin uwa, ban taɓa lura ba.

Ban san lokacin da na fito tsakar gida ba, ko mayafi ban ɗauka ba. Na same shi ya shigo shan ruwa.

"Yaya, ina foldar da aka rubuta kada a taɓa?"

Sai da ya shanye ruwansa ya ajiye moɗa. "Wannan ƙatuwar? Wuri ne ya ƙare mana, abokina ya duba ya ce shekara biyu ba a buɗe ta ba. Taki da kike aiki a ciki ai ba mu taɓa ba. Na san abin da nake yi."

"Ba ka ga abin da na rubuta a kai ba?"

"Na gani. Na ɗauka irin tsoron nan naku ne na mata. Kuma ba ke kika ce kina da kwafi ba?"

Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar. Na gaya masa abin da na tara tun muna yara. Na ce da wani ƙato ne daga Kano ya rubuta kada a taɓa, da ko inuwar foldar bai taka ba, amma da yake ni ce, ƙanwarsa da ya taɓa goyawa, rubutuna ba rubutu ba ne. Na ce waya na aljihunsa, lambata na ciki, kira ɗaya ya gagare shi don kada abokinsa ya ji yana tambayar mace. Na ce ya goge karatun ubansa don ya adana hoton kansa yana jawabi. Inna ta fito tana salati tana riƙe ni, matarsa ta kwashe yara ta shige ɗaki, masu kai dami suka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa. Shi kuwa abin da ya dame shi kawai, wai na yi masa rashin kunya a gaban ma'aikata.

Hayaniyar ta kai zaure, Baba ya aiko a kira mu. Muka durƙusa a gabansa, ni ina shessheƙa, Yaya yana huci. Ya ce in yi masa bayani yadda zai gane, ban da Turanci. Na ce akwai uwa akwai 'ya, 'yar ba ta da komai nata sai abin da muka ƙara, kuma ko shi ba ya karantuwa sai an ɗora shi a kan uwar, Yaya kuma ya goge uwar. Ya saurara har na gama. Sannan ya tambaye ni, kwafin da nake cewa ina ajiyewa duk wata, ko na taɓa ɗaukarsa na kai wata kwamfutar, nesa da uwar, na buɗe na karanta. Na ce a'a. Ya ce ko sau ɗaya? Na ce ko sau ɗaya.

"Mahaifina," in ji shi, "in ya ari littafi ya kwafa, ba ya cewa yana da littafi sai ya mayar wa mai shi da uwar, ya zauna da nasa shi kaɗai, ya karantar da shi daga farko har ƙarshe. Abin da ba ya karantuwa sai uwarsa na kusa, ba ki da shi, Malama. Aro kike yi."

Na haɗiye wannan, don gaskiya ce. Sai ya juya wurin Yaya, ni kuma na gyara zama, domin na san abin da ke tafe. Wata uku kacal da suka wuce na buga shi da yatsuna, hukuncin wanda ya ari abu aka gindaya masa sharaɗi ya tsallake, shafi shida cur, da hujjojinsa da malaman da Baba ya ji shi a bakinsu. Baba ya ɗaga yatsa yadda yake yi in zai yanke magana, ya ce, "Kai kuma, wanda ya ari abu, mai shi ya ce masa..." Sai ya tsaya. Leɓɓansa na motsi, yatsan na sama, maganar ba ta zo ba. Muka jira. Ana jin takun masu dami suna wucewa ta bayan zaure. Ya sauke hannun a hankali, ya dube ni, ya ce, "Yana cikin littafin. Duba ki karanta masa."

Babin aron kuwa yana cikin huɗun da suka tafi. Na ga lokacin da ya tuna a fuskarsa. Ya jawo carbinsa ya ce mu tashi mu je.

Da a ce Yaya ya buɗe baki a wannan lokacin ya ce Baba ka yafe min, ko ya waiwayo ya ce min yi haƙuri, da wataƙila ba na wannan rubutun yau. Abin da ya ce da muka fito shi ne ƙaddara ce, kowa ya yi haƙuri. Na yi imani da ƙaddara, a gidan aka koya min. Amma wannan ƙaddarar da yatsa aka danna ta, kuma sau biyu, domin sai da kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce mata e.

Ranar Litinin na kai laftof ɗin wurin wani mai gyara a Dutse, mutum mai haƙuri da sanin aikinsa. Ya riƙe ta kwana biyar. Ya ce da an kawo masa ita ranar da aka goge, kafin a zuba komai, da ya tono uwar, amma bidiyon da aka jibga ya hau daidai kan wurin ya danne shi. Na ce to mu gina sabuwar uwa mu haɗa su. Ya girgiza kai, ya ce 'yar ba ta san kowace uwa ba sai tata, ko ɗigo ɗaya ya bambanta ba za su haɗu ba, ga shi faifan ma ya mutu. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya tsamo abin da zai tsamo daga cikin 'yar. Abin da ya fito guntayen layuka ne da tarkacen baƙaƙe, kamar takardar da akuya ta tauna. Na ga rabin wata jimla a kan igiyar ɗaure jaki, na gane muryar Baba a ciki, na fashe da kuka a shagon mutane.

Muka koma farko, wannan karon da biro da takarda, don manhajar ajamin ta tafi tare da uwar. Babin iyakar gona ya ci mana rani guda, ya fito rabin tsawonsa na da. Da muka shiga ɓarnar dabbobi sai abin ya ƙi. Baba zai kama mas'ala ya kai tsakiya ya rasa inda ya samo ta. Ni da na buga su a baya ina tuna wasu, sai in ɗora masa, in ce ai ca ka yi kaza. Ya tambaye ni, tunawa na yi ko tabbatarwa? Na ce tunawa. Ya ce to in ajiye biron. Da wannan takardar za a raba faɗan maƙwabta bayan ba shi, ba zai sa hannu a kan abin da daga ni har shi ba wanda ya tabbatar ba. Na yi magiya, na yi fushi, har na yi sati biyu ban je ba. Bai canja ba. Da damina ta zagayo Allah ya karɓi abinsa.

Littafin na nan yana yawo a hannun ɗalibansa, ana ta yin hotonsa a shago ana rabawa. Babi bakwai da kyakkyawan ajamin kwamfuta, na takwas da karkataccen rubutun hannuna. Har yau manoma na zuwa zauren da tambayar san aro da akuyar da ta tsinke, suna tambaya ina Malam ya yi maganarsu a littafin. Bara na je gida na ji da kunnena Yaya yana ce wa wani dattijo wai Malam bai kai nan ba Allah ya yi masa rasuwa. Ina daga soro na ciki, na ɗaga labule na ce wa dattijon, "Ya kai, Baba. Ya kai har ƙarshe." Dattijon ya dube ni ya dubi Yaya, bai gane ba, ni kuma ban ƙara ba. Bidiyon walimar kuwa sau ɗaya na kalle shi. Rabinsa jawabin Yaya ne, sauran takalman baƙi ne da rufin rumfa, don hannun mai riƙe da wayar ya gaji.

Har yanzu ina amfani da manhajar nan ta kyauta, da ita nake koyar da ɗalibaina, kuma ban taɓa ganin laifinta ba, abin da na zaɓa ta yi min. Sai dai duk wanda ya yi kwafi a ajina, cikakke zai yi, ya ɗauke shi a filas ya kai kwamfutar da ke can ƙarshen ɗaki, in kashe wadda uwar ke ciki a gabansa, sannan ya buɗe ya karanta min layin farko da na ƙarshe. Suna gunaguni, wai Malama ta cika tsanani, ina jinsu. Kuma abin da amanar wani ke ciki ba na ba da aronsa, ko wa aka turo ya roƙe ni, domin na gane rubuta kada a taɓa ba ya tsare komai daga wanda ya raina mai rubutun. Babban abin da na koya dai shi ne wanda Baba ya gaya min ina durƙushe, cewa kwafin da ban buɗe shi nesa da uwarsa ba, ba ni da shi. Filas ɗin na nan a adakarsa, tare da takardun da ya sa wa hannu. Babi huɗun suna ciki yadda ya faɗe su, lokacin da kansa ke cike, kuma babu mai iya karanta su.